Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Tasawa, 9 ga Yuli

Zuwa ga ɗiyata Fatiha Almustapha, malamar zane a Mayahi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da maigidanki da yara da mahaihiyarki Salamatu. Mu nan lahiya lau, ruwa ya sauka sau uku, an gama shuka.

Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ne Ƙadri mai walda, ɗan Rabi'u na Kona. Kakana da kakar marigayi babanki ɗaki ɗaya sunka hito. Ashiru direba, wanda zai miƙa miki wagga takarda, shi ya ce mini kina koyar da zane a makarantar sana'a, har masu gemu suna zama gabanki.

Ga abin da ya sa na neme ki. Ƙungiyar manoman Baudeta ta samu taimakon wani poroje, wato shirin tallafi, za a ƙera musu rumbunan tol, wato farantin ƙarhe, guda arba'in na ajiyar wake, masu kama da tano, babbar gangar ruwa, da murhi a sama da ƴar ƙofa a ƙasa. Na je na ce zan iya. Sakataren komite ya ce ba da baki ake cewa ba. Kowane maƙeri ya kawo dosiye, wato takardun neman aikin, kahin ƙarshen Oktoba, da zanen rumbun da awonsa, wanda shi ya zana da hannunsa kuma zai iya bayaninsa. In babu zane, aikin ya tahi Maraɗi.

Shekarata talatin da ɗaya ina wagga sana'a. Na yi ƙofofi, na yi kurar shanu, na yi gadaje, duk daga kaina zuwa ƙarhe, ban taɓa bi ta takarda ba. Amma tun da ƙofofin kanti sunka cika kasuwa aiki ya ja baya, ni da abokin aikina Mai Nasara wani yini sai hira. In wanga aiki ya wuce mu, ban san abin da za mu riƙe bayan kaka ba.

Na gwada zana rumbun, ga shi na sa miki a ciki. Mai Nasara ya duba ya tambaye ni ko ganga ce ko kabewa. Ki gaya mini gaskiya, mai shekara hamsin da shida zai iya koyon wannan cikin wata huɗu? In ba zai yiwu ba ki faɗa, ba zan ji komi ba.

Naki,
Baba Ƙadri

Mayahi, 13 ga Yuli

Baba,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, Inna da maigida suna gaishe ka da iyali.

Zai yiwu. Rumbun da ka zana ba kabewa ba ne, kuskure ɗaya ne babba a cikinsa, kuma duk mai farawa shi yake yi. Ka zana bakinsa da'ira cikakkiya kamar kana kallonsa daga sama, ka zana gindinsa miƙe kamar kana kallonsa daga gefe. Mutum ba ya tsayawa wuri biyu a lokaci ɗaya. Ka zana abin da ka sani ne, saura ka koyi zana abin da ido ke gani.

Kada ka sake zana rumbu sai na ce. Ka samu bik, wato biro, ba kiriyon mai goguwa ba, don kada ka riƙa gogewa, kuma ka ɓoye regil, abin jan layi. Ka ɗiga ɗigo biyu a takarda, ka haɗa su da layi ɗaya. Kafin bik ya taɓa takarda ka bi hanyar a iska sau uku ko huɗu, sannan ka ja da sauri, daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. In ya kauce ka bar shi, kada ka bi shi da gyara. Ka fara da gajeru, ka riƙa ƙara tsawo.

Na biyu, ka ɗauki faifai ka riƙe gaban fuskarka, ka riƙa kwantar da shi a hankali. Da'irar za ta yi ta matsewa har ta koma layi. Duk siffar da ke tsakani ita muke kira elips, ita ce bakin randa, ita ce bakin rumbunka. Ka cika takarda biyar da su, kowace ka zagaya sau biyu ba tare da ɗaga hannu ba.

Na uku, ka fita hanyar Maraɗi ka tsaya ka dubi turakun kuran, na wutar lantarki, ka lura inda wayoyin suke nufa. In ka dawo ka zana mini bulo goma, kana tuna abin da ka gani.

Kada ka aiko hoto ta salula, hoto yana karkatar da layi. Takardar kanta nake so. Muna hutu har Oktoba, ina da lokaci. Abu ɗaya nake roƙo: in na gyara maka, malama ce ke magana, ka yafe wa ɗiyar tun yanzu.

Ɗiyarka,
Fatiha

Tasawa, 28 ga Yuli

Ɗiyata,

Ina gaishe ku duka. Muna lahiya, sai dai kafaɗata ta dama da ke ƙorahi, ta ce guduma ta hi bik sauƙi.

Ga takardu ashirin da biyu. Kwanakin farko da nike yawo da bik a iska, wani mai kawo gyaran kura ya tsaya ya jira har na gama, ya zaci tohi nike wa takardar. Zara'u matata kuma ta nemi faifanta kwana biyu kahin ta gano shina gareji, wurin aikinmu.

Na hita hanyar Maraɗi kamar yadda kika ce. Fatiha, tun ina yaro nike bin hanyar nan, ban taɓa lura ba wayoyin sama suna gangarowa, gehen hanya shina hawa, duk su je su haɗu daidai tsayin idona. Na tsuguna, sai wurin haɗuwar ya sauko tare da ni. Na miƙe, ya miƙe. Na yi haka ya kai sau biyar, har wani mai moto ya tsaya ya tambaye ni ko na yar da wani abu.

Elips ɗin sun ƙi ni. Duk yadda na yi sai bakinsu ya yi tsini kamar ƙwallon dabino. Bulo kuma wasu kamar an zauna musu. Amma ki duba takardu ukun ƙarshe, na dogayen layuka. Su na hi jin daɗi. Na natsu na ja su a hankali, na duba na ga sun miƙe kamar an buga igiya.

Ina jiran hukuncinki.

Baba Ƙadri

Mayahi, 2 ga Agusta

Baba,

Muna lafiya, ina fatan kafaɗa ta yi sauƙi. In tana ciwo ka rage zama, rabin awa da safe da rabin awa da yamma sun isa.

Gajerun layukanka sun yi kyau fiye da yadda na zata. A takardar farko kana jan layi kamar kana tsoron ya cije ka, yana rawa, kana tsayawa tsakiya. Daga ta huɗu rawar ta ɓace. Wasu sun wuce ɗigon da kaɗan, ba komai. Gara layi ya wuce da ƙarfin hali da ya isa yana makyarkyata.

Tsinin elips daga tsayawa ne. Kana zana rabin sama, ka tsaya, ka juya ka zana rabin ƙasa. Kai da ke lanƙwasa ƙarfen taya ka san ba a tsayawa a kwana. Ka sake riƙe faifan, ka dubi gefensa na dama da na hagu, komai kwanciyarsa ba ya yin tsini. Na zagaye maka guda shida da jan bik, su ne masu kyau, ka duba abin da hannunka ya yi a wurin.

Abin da ka gani a hanyar Maraɗi shi ne dukan darasin da muke kira perspektib, ba ni da abin ƙarawa. Saura ka kai shi takarda. A bulo na biyu da na bakwai gefen da ke nesa ya fi na kusa tsawo, shi ya sa suka yi kamar an zauna musu. Na ja layukansu da jan bik har bakin takarda, za ka ga maimakon su nufi haɗuwa sai suka rabu. Kafin ka fara kowane bulo ka ja layin idonka tukuna.

Sai dogayen layukan takardu ukun ƙarshe. Na shimfiɗa su a tebur, na daɗe ina dubansu, na ɗora regil na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Baba, na ga hannun masu koyo da yawa, na san irin abin da hannu ke yi. Wannan ba aikin hannunka ba ne. Ka dakata da zane tukuna. Akwai magana, amma ba ta takarda ba ce. Ga lambata a ƙasa, ka kira ni.

Ɗiyarka,
Fatiha

Mayahi, 23 ga Agusta

Baba,

Ina fatan lafiya. Yau sati uku ban ji daga gare ka ba, ba kira, ba takarda. Na tambayi Ashiru, ya ce ya miƙa maka wasiƙata hannu da hannu, kuma duk ranar kasuwa yana biyawa gareji kana ce masa babu saƙo. Na roƙe shi lambarka ya ba ni, na kira sau huɗu ba a ɗauka ba.

In wani abu ya faru da jikinka, don Allah a sanar da ni. In kuma wani abu na faɗa, ka gaya mini ko mene ne.

Fatiha

Tasawa, 30 ga Agusta

Malama Fatiha,

Bayan gaisuwa, jikina lahiya lau, ba abin da ya same ni. Na ga kiranki, ni ne ban ɗauka ba, don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Kin rubuta cewa layukan nan ba aikin hannuna ba ne. Na karanta wurin ya hi sau goma ko zan ga wata ma'ana, ban gani ba. Ban sani ba ko kina nuhin na sa regil na ɓoye, ko kina nuhin wani na ba ya ja mini. Ko wanne ne, ban yi ba. Mai Nasara shina zaune na ja su, shina ma yi mini dariya.

Ni ba mai ilmi ba ne, a aji biyar na bar lakol. Amma cikin Tasawa ba wanda zai ce ya taɓa kawo mini aiki na kai wa wani ya yi sannan na ce nawa ne. Da kin ce layukan ba su da kyau da na sake wasu. Na ce ki faɗa mini gaskiya ba zan ji komi ba, kuma da gaske nike. Sai dai ban zaci wagga ba.

Ban dakata ba, ina ta yi ni kaɗai. Takardar da ke cikin nan a gaban Ashiru na ja ta yau da sahe, bisa bayan motarsa, ki tambaye shi. Ba don ki ci gaba da koya mini na aiko ba, don dai ki sani.

Ƙadri Rabi'u

Mayahi, 1 ga Satumba

Baba,

Na karanta takardarka. Wallahi ban taɓa zarginka ba, ko a zuciya. Laifina ne, na ji nauyin faɗar magana a fili sai na dunƙule ta, ta koma wata aba. Yanzu zan faɗa yadda take.

Dogayen layukanka ba su miƙe ba, Baba. Kowane ɗaya yana tafiya daidai, in ya wuce tsakiya kaɗan sai ya yi ɗan tudu, sannan ya koma hanya. A wuri ɗaya, da girma ɗaya, layi talatin da bakwai. Waɗanda ka ja gaban Ashiru ma haka suke. Hannu in zai yi kuskure yau ya kauce nan, gobe can. Kuskuren da ke maimaita kansa haka, mai shi kuma ya duba ya ga miƙe, ba daga hannu yake ba. Daga ido yake. Abin da nake nufi ke nan.

Ba na jin ka san yadda ciwon babana ya fara. Wata rana yana zaune a tsakar gida ya tambayi Inna wa ya bugi ƙofar ɗaki ta lanƙwashe. Ƙofa lafiyarta lau. Muka yi dariya. Bayan wata biyu ya ce layukan Alƙur'aninsa suna hawa da sauka. Muka ce tsufa ne. Sai da shekara ta zagayo aka kai shi Maraɗi, likita ya ce ciwon suga ne ya ci bayan idon, da an zo da wuri da an tare wani abu. Shekara ukunsa na ƙarshe ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci.

Da na ɗora regil a takardunka abin da na tuna ke nan, na kasa rubuta shi ga babba irinka. Na ce in na ji muryarka zan iya.

Ba na ce abin da ya same shi ne ya same ka ba, ni ba likita ba ce. Amma ina roƙonka ka je a duba idonka da jininka cikin satin nan. Ka yi fushi da ni in kana so, amma ka je. Kafin ka tafi ka ɗora regil a layukan da kanka.

Ɗiyarka,
Fatiha

Tasawa, 21 ga Satumba

Ɗiyata Fatiha,

Kahin gaisuwa ma bari in ce miki idona lahiya lau, don na san da tsoro za ki buɗe takardar nan. Yanzu ina gaishe ki, da Salamatu, da maigidanki da yara.

Ranar da wasiƙarki ta zo kunya ta fara kama ni, tsoro ya biyo baya ya kore ta. Na ɗauko regil na ɗora, sai ga hili tsakaninsa da layi, tsinken ashana zai shige. Na gwada na biyu, na uku, duk haka. Na naɗe takardun na tura ƙarƙashin tol.

Ba zan ɓoye miki ba, ban tahi satin nan ba. Kwana tara ban gaya wa kowa ba. Duk ƙofar da na wuce sai na tsaya na dube ta ko ta lanƙwashe. Ina riƙe da ƙarhe ina tunanin mai walda makaho mi zai ci. Na ga kiranki sau biyu, wannan karon ba hushi ya hana ni ɗauka ba. Zara'u ce ta ga tuwo shina komawa yadda ya zo, ta tsare ni sai da na faɗa. Ta ce, "In makanta ce, zamanka nan ba zai hana ta ba. In ba ita ba ce, kana kashe kanka a banza." Washegari ita ta raka ni tasha.

A Maraɗi likitan ido ya ba ni wata takarda mai layuka kamar raga, ya ce in ruhe ido ɗaya in dubi ɗigon tsakiya. Na ciro tabarau daga aljihu na sa, don ba ni ganin abu na kusa sai da shi. Da idon hagu raga lahiya lau. Da na dama sai ga ta ta lotsa gehe guda. Na ce shi ke nan. Sai ya ce in cire tabarau in miƙa hannu nesa in sake dubawa. Ta yi dishi-dishi, amma ba inda ta lotsa.

Ya karɓi tabaran ya ɗaga wajen taga shina juyawa, ya tambaye ni sana'ata. Na faɗa. Ya tambayi inda nike ajiye shi in ina aiki. Na ce bisa teburin walda, kusa da hannu. Ya ce gilashin na roba ne, zahi ya narkar da na dama ya kumbura, ga ramukan tartsatsi ko'ina. A kasuwa na saye shi shekara bakwai da sunka wuce, kuma sai zan yi rubutu ko karatu nike sa shi, shi ya sa ƙofofi ba su lanƙwashe mini ba. Ashe in na ja layi a hankali ina gani kamar ya lotsa, sai hannuna ya ɗaga shi ya gyara abin da bai ɓaci ba.

Bai sallame ni haka ba. Ya ɗiga mini magani ya leƙa cikin idon da hitila, ya ce bayansa garau. An gwada suga, babu. Hawan jini ne anka ce ya fara ɗan leƙowa, in rage gishiri in dawo bayan wata uku. Da na hito na samu inuwar wani itacen bedi na zauna, na yi ta hamdala.

Sabon tabarau ya iso shekaranjiya, wanda anka auna da idona. Ga takarda ɗaya na ja da shi, ban ɗora mata regil ba, na bar miki.

Na kira ki Malama a waccan wasiƙa don in ɓata miki rai. Ki yahe mini. Ke kina tsoron idona, ni ina tsaron sunana.

Babanki,
Ƙadri

Mayahi, 24 ga Satumba

Baba,

Alhamdu lillahi. A tsaye na karanta takardarka cikin tasha, Ashiru yana tambayata lafiya, ni ina ta karatu har na kai ƙarshe. Kwana ashirin ɗin nan ban san yadda na yi su ba. Inna ta sa an toya waina an raba wa maƙwabta. Babu abin yafewa tsakaninmu, ni ma na koyi cewa nauyin baki yana iya cutar da wanda ake jin nauyinsa.

Na ɗora regil. Layi goma sha biyu, tara sun miƙe, uku sun kauce, kowanne ta gefensa daban. Ban taɓa murna da karkataccen layi irin ta yau ba.

Saura sati biyar, yanzu ka zana rumbu. Ka fara da layin idonka. Ka ja layi ɗaya a tsaye, shi ne ƙashin bayan rumbun. Elips na sama da na ƙasa su hau kansa daidai, rabi dama rabi hagu, kada ɗaya ya jirkice. Tunda rumbun bai kai tsayinka ba, na sama ya fi kusa da idonka, don haka zai fi matsewa, na gindi ya fi buɗewa. Ka zana na gindin gaba ɗaya har da bayan da ba a gani, a hankali, sannan ka ƙara wa na gaba kauri. Ka tsayar da mutum kusa da shi don a ga girmansa.

A takarda ta biyu ka zana shi daga gaba da daga sama, da awo a santimetir. A nan ka fito da regil ɗinka, ya huta ya isa.

Ka aiko duk ranar kasuwa, ko guda ɗaya ne. Tabarau kuma a aljihu ko a gida, ba a teburin walda ba.

Ɗiyarka,
Fatiha

Tasawa, 12 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Ina gaishe ku da kaka, da fatan kun koma lakol lahiya. Mu nan an ɗaure gero, Allah ya ba da daidai gwargwado.

Zane na goma sha ɗaya, wanda kika mayar mini babu jan bik sai wuri biyu, shi na sake na kai Baudeta. Mu biyar munka kai dosiye. Ranar Laraba anka kira mu gaban komite. Na mutanen Maraɗi da inji anka buga shi, ya hi nawa tsabta nesa ba kusa ba, sai da na ji kamar in naɗe nawa in koma.

Shugaban ƙungiyar wani dattijo ne, bai yi lakol ba. Ya daɗe riƙe da takardata. Sai ya sa yatsa a ƴar ƙofar ƙasa ya ce ta yi kusa da ƙasa, tiya, kwanon awo, ba za ta shiga ƙarƙashinta ba in mata za su ɗebi wake. Gaskiya ya faɗa, ni ban yi tunanin haka ba. Na ce a ba ni farar takarda. Nan gabansu na ja ƙashin baya, na zagaya elips biyu, na ɗora rumbun bisa ƙafahu huɗu, na zana tiya a ƙarƙashi. Na ajiye bik. Dattijon ya duba ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "Wannan nike nuhi."

Ba a ba mu duka ba. An raba aikin uku, mu munka samu goma sha biyar, kuma an ce sauran su bi zanen ƙafahun nan. Ya ishe mu, zai kai mu har bazara.

Wani abu kuma ya faru da ban zata ba. Ranar Asabar na tahi Kona jana'izar wani maƙwabcinmu na da. Na dawo na tarar Mai Nasara ya yanka tol na rumbu biyu daga takardar awo, bai jira ni ba, kuma ko santimetir ɗaya bai kauce ba. Shekara talatin in ba ni gareji aiki shina tsayawa, don komi a kaina yake. Da wannan nike fakewa duk lokacin da zumunci ya kira ni. Da shi na fake da anka ce babanki Almustapha ba shi da lahiya, da shi na fake da anka ce ya rasu, na aika gaisuwa a bakin mutane. Ban san ma ya makance ba sai a wasiƙarki.

Yanzu ba ni da abin fakewa. Ranar Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu zan shigo motar Ashiru, ni da Zara'u, in yi wa Salamatu gaisuwar da ta kamata in yi shekara shida da sunka wuce. Kada a yi wahalar komi, hura ta ishe mu. Ki dai gaya mata tun yanzu, don kada in yi sallama a ƙofar gida ta tambaya wane ne.

Babanki,
Ƙadri